Wanda Aka Ji Kunyarsa da Wanda Aka Shagwaɓa

A danginmu na Gwandu akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku tsakaninsu, waɗanda halinsu ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Wan shi ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyarsa ta kama sunansa ba. In tana son ganinsa sai ta ce wa wani yaro, "Tahi ka ce ma wancan ya taho." In ya durƙusa gaishe ta, takan amsa a taƙaice, idonta na kan tukunya. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba. A ɗakinta ya yi wayo, a ɗakinta ya zama saurayi. Ƙanen kuwa ɗan lelen Inna ne, wato mahaifiyarsu. Shi ake ɓoye wa tsokar nama a ƙasan kwano, shi ake yi wa kirari, kuma a bayanta yake kwana har ya kai girman da sa'o'insa ke yi masa tsiya.

Duk wanda aka ba wannan labari zai ce wan ne zai tashi da ƙulli a zuciya, ƙanen ya tashi da sakin rai. Sai ga shi abin ya zo a juye. Wan mutum ne mai kwanciyar hankali. Shi ake kira in rigimar gado ta tashi. In abu ya dame shi yakan faɗa, in aka ba shi haƙuri yakan haƙura har cikin ransa. Ƙanen, wanda aiki ya kai shi Kalgo, ya fi wansa kyauta, ya fi shi saurin tausayi, amma zama da shi akwai wuya. In matarsa ta je ganin gida ta ƙara kwana ɗaya, ba zai runtsa ba, zai yi ta kiran waya. Ranar da ta dawo kuma, maimakon murna sai faɗa da gaba. In aboki bai ɗauki wayarsa ba, kafin dare ya gama yanke hukuncin cewa an juya masa baya.

Mutuwar aurensa na biyu ce ta sa dangi suka zauna, kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce sammu ne. Wasu suka ce hali zanen dutse. Mafi yawa suka ce Inna ce ta ɓata shi da shagwaɓa. Ni kuwa ɗaya rabin tambayar ne ya hana ni sakat: in son uwa ne ya ɓata ƙanen, me ya gyara wan, wanda ko kallon kirki bai samu daga gare ta ba?

Masana halayyar ɗan Adam suna da fage guda a kan wannan, wato nazarin shaƙuwar jariri da mai renonsa. Wanda ya kafa shi likita ne ɗan Ingila, John Bowlby. A 1944 ya buga bincike a kan yara 44 da aka kai masa a Landan saboda sata. A cikinsu ya ware 14 da ya ga zuciyarsu ta bushe, ba sa shaƙuwa da kowa, sai ya tarar 12 daga cikin 14 ɗin nan an raba su da iyayensu mata na dogon lokaci tun suna ƙanana. Abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ita ta shiga gidajen mutane don ta gani da idonta, kuma a Afirka ta fara: a 1954 da 1955 ta riƙa zagaya gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kamfala, a Yuganda. Da ta koma Baltimore ta Amurka sai ta tsara wani gwaji na kimanin minti ashirin. A sa uwa da ɗanta ɗan shekara guda a ɗaki mai kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, sannan ta dawo. Kukan da yaro zai yi in ta fita ba shi ne abin lura ba. Yadda zai tarbe ta in ta dawo, shi ake dubawa.

Yawancin yara sukan je gare ta, a ɗauke su, su yi shiru, su koma wasa. Wannan ita ce shaƙuwa mai natsuwa. Wasu sukan kau da kai, su yi kamar ba su ga shigowarta ba. Wasu kuma sukan ruƙunƙume ta suna dukanta, sun ƙi sauka, sun ƙi lallashi. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara kashi na huɗu, na yaran da kan ruɗe gaba ɗaya, su nufo uwa su daskare a hanya. A 1987 kuma Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa ana samun irin waɗannan salo a soyayya da auren manya.

Ga ƙanen nan sak a kashi na uku: ya matsu matarsa ta dawo, ta dawo ya hau ta da faɗa. Amma masana sun ce wannan salo ya fi fitowa inda reno ba shi da tabbas, yau a amsa kukanka, gobe a bar ka. Ta yaya ɗan lele zai faɗa nan? Wan kuma, bisa lissafinsu, shi ya kamata ya zama mai kau da kai. Karatun nan bai warware mini komai ba tukuna, ƙara ɗaure ƙullin ya yi.

Na wan ne ya fara kwancewa, kuma a tsakar gida ya kwance. Ka samu wuri ka zauna a babban gida a Gwandu inda akwai mai jego da ɗan fari, ka zuba ido. Yaro ya tsala kuka a kan tabarma. Uwar tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Amma kafin ya ja numfashi na biyu, ƙanwar ubansa ta sure shi ta saɓa a kafaɗa. Bai yi shiru ba. Uwar, har yanzu idonta na kan rariya, ta ce da ƙaramar murya, "Yunwa ce, kai shi ɗaki." Ta karkaɗe hannu ta bi bayansu, ta saki labule. Ita da ba ta dube shi ba, ita ce ta bambance kukan yunwa da na zafi. Da dare kuma a jikinta zai kwana, nono na kusa. Kunyar ta gaban surukai ce, ta idon jama'a ce. Jikin yaron bai taɓa rasa jiki ba.

Baƙi ma sun zo sun ga haka. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da matarsa Sarah, suka buga abin da suka gani a wajen jarirai 18 a wani garin kasuwa na ƙasar Hausa. Sun tarar kowane jariri yana da masu reno da yawa, kuma yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu. Amma yawanci akwai guda da ya fi nema in ya tsorata ko ya gaji, kuma wannan gudan shi ne wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba mahaifiyarsa ba ce. Sun kuma lura ba a barin jariri ya daɗe yana kuka. A littafin da LeVine da matarsa suka buga a 2016, sun ba da labarin yadda kunyar matan Hausawa ga 'ya'yansu ta tayar wa Sarah hankali da farko, don abin da aka koya mata shi ne irin wannan reno yana raunata yaro, sai ga yaran ba su nuna raunin da ake tsoro ba.

Riƙo kuma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu, ya faɗa a littafinsa Ida'un Nusukhi cewa yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya bar shi a hannun wansa Shehu Usmanu, bayan ya sauke Alƙur'ani. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasa mahaifiyarta Maimuna tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka rene ta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma 'ya'yan riƙo sun girma a hannunta. Fiye da duka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya, ya zauna hannun kakansa, sannan hannun baffansa.

To wan yana da tasa. Kakarsa ta fara goya shi tun kafin yaye, don haka ranar da aka shafa wa nono maɗaci aka kai shi ɗakinta, wurin wadda ya sani aka kai shi. Ita ke ce masa "maigidana", ita ke dama masa fura, ita ke zaune kansa in zazzaɓi ya kama shi, kuma ba ta gusa ba har ya yi aure. Inna ta ɓoye sonta, amma ba ta bar shi a sarari ba. Ta san hannun da ta sa shi.

Saura ƙanen. Na fara da zancen shagwaɓa, tunda shi ya fi yawa a bakin dangi. In ana nufin yawan ɗauka da saurin amsa kuka, hujja ba ta goyi bayan wannan zargi ba. A 1972 Silvia Bell da Ainsworth suka ba da rahoton cewa jariran da aka fi saurin amsa kukansu a watannin farko su ne suka rage kuka a ƙarshen shekara. A ƙasar Dogon ta Mali, inda jariri ke manne da uwa dare da rana, Mary True da abokan aikinta sun gwada jarirai 42, suka buga sakamakon a 2001: kashi 67 cikin ɗari masu natsuwa ne, kuma ba a samu mai kau da kai ko ɗaya ba. Shagwaɓa tana iya sa yaro ya raina aiki ko ya ƙi jin magana. Ba ita ke sa babban mutum ya kwana yana tsoron za a gudu a bar shi ba.

Zancen hali ya fi ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Alexander Thomas da Stella Chess, waɗanda suka fara bin wasu yara a New York tun 1956, sun nuna cewa da ɗabi'a ake haihuwar mutum: wajen kashi 40 cikin ɗari na yaran masu sauƙin reno ne, kashi 10 masu wuya, kashi 15 masu jinkirin sabo. A 2006 Erik Noftle da Shaver suka ga cewa manyan da ke fargabar a bar su, yawanci su ne masu saurin damuwa da tashin hankali a sauran al'amuransu ma. Amma sun kuma ga cewa in ana son a san yadda zaman mutum da masoyinsa zai kasance, salon shaƙuwarsa ya fi ɗabi'arsa faɗin gaskiya. Sai na tambayi tsofaffin gidanmu yadda ƙanen yake yana jariri. Bakinsu ya zo ɗaya: yaro ne mai fara'a, mai ƙiba, ba ya ƙiwa, kowa ya miƙa hannu zai je. Ke nan ba da wannan tsoro ya zo duniya ba. Wani abu ya faru tsakanin jaririn nan da mutumin da muka sani.

Abu biyu suka nuna mini hanya, kuma dukansu a fili suke tun da can. Na farko, haihuwar Inna. Tsakanin 'ya'yanta shekara biyu ne ko uku, sai tsakanin ƙanen nan da mai bi masa, nan shekara shida ce. Na biyu, akwai wata goggonmu da ke aure a Kalgo, kowa Goggo yake ce mata, shi kaɗai yake ce mata Inna.

Na same ta a zaure na ciki bayan la'asar, tana jan carbi. Bayan gaisuwa na ce, "Goggo, me ya sa shi kaɗai yake ce miki Inna?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Ɗana, ku yara ba ku san komi ba. Wanga yaro hannu ukku yab bi kahin uwatai ta dawo."

Ashe yana ɗan shekara ɗaya da rabi aure ya mutu tsakanin iyayensa. Uban, cikin fushi, ya ce ɗansa ba zai bar gidan ba. Aka cire shi daga nono a yini ɗaya, uwar ta tafi gidansu, aka bar shi hannun kishiya. Kishiyar ba ta cuce shi ba, amma tana da tsohon ciki, da ta haihu hannunta ya cika. Sai aka kai shi wurin Goggo a Kalgo. "Ranad da anka kawo man shi," in ji ta, "bakin ƙohwa yaz zamna, ba kuka, ba magana. Mutane na ta ce man yaro mai haƙuri. Da yas saba da ni kuwa, ko ban ɗaki za ni shina riƙe da zanena." Ya fi shekara a wurinta. Sai ciwo ya kwantar da ita, aka mayar da shi Gwandu hannun matar baffansa. Yana da shekara biyar aka yi kome. Ranar da uwar ta shigo, ya ɓuya a bayan ƙyaure ya ƙi fitowa. Da dare aka gan shi ya lallaɓo ya kama bakin zanenta. Watanni bayan nan, in ta je ko maƙwabta ta dawo, sai ya ƙanƙame ta yana cizonta.

Daga nan ne Inna ta ajiye duk wata kara a kansa. Son da mu na baya muka tashi muka gani, muka kira shi shagwaɓa, ramuwa ce ta uwar da ta san abin da ɗanta ya sha. Manya sun rufe zancen saboda sakin abin kunya ne, har shi kansa ba ya tuna komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sakin nan ya faɗa wa 'yan'uwan biyu a rana ɗaya. Wan bai girgiza ba, don wadda yake kwana a bayanta ba ta motsa ba.

Shirun nan na bakin ƙofa da aka kira haƙuri, an daɗe da saninsa. James Robertson, wanda ya yi aiki da Bowlby, ya ɗauki fim a 1952 na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti ba uwarta. Shi da Bowlby sun bayyana matakai uku da ƙaramin yaro ke bi in aka raba shi da wanda ya shaƙu da shi: ya yi bore da kuka, sannan ya yanke ƙauna ya yi tsit, sannan ya janye zuciyarsa. Manya kan ga mataki na biyu su ce ya dangana. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka sauya dokar asibitocin Ingila, bayan rahoton Platt na 1959, aka bar iyaye suna zama da 'ya'yansu.

Ba na cewa duk yaron da ya sauya hannu haka zai zama. Labarin gida ɗaya ba ya zama doka, kuma akwai agololi da marayu da suka tashi da zuciya wasai. Binciken Minnesota, wanda ya fara a 1975 da mata matalauta 267 masu cikin fari, aka bi 'ya'yansu fiye da shekara talatin, ya nuna salon shaƙuwa yana sauyawa in rayuwa ta sauya. Tashin hankalin gida yana iya ɓata mai natsuwa, samun mutum tsayayye kuma, ko malami ne ko abokin aure, yana iya gyara mai fargaba. Amma gyaran ya fi sauƙi ga wanda ya san inda ciwonsa ya samo asali, shi ya sa nake ganin ɓoye wa mutum tarihin yarintarsa zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne gidajen da ake ginawa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da babban asibitin da ke Kalgo, sun jawo ma'aikata matasa, kowa da amaryarsa a gidan haya mai ɗaki biyu da ƙofar ƙarfe. Ba kaka, ba goggo, ba ƙanwar miji. Na ga yarinya a irin wannan gida tana jin nauyin yi wa ɗanta na fari wasa, don haka ta ga an yi a gidansu. A gidansu akwai masu sure shi. A nan in ba ta dube shi ba, ba mai dubansa. Al'adar ta tsaya ne da ƙafafun mutane da yawa, wanda ya ɗauko kunyar ya baro mutanen, rabin abin ya ɗauko. Addini kuma bai ɗora mata wannan nauyi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya nuna masa cewa marar jinƙai ba a jin ƙansa.

Sai kuma saki, wanda ba ya ƙaranci a ƙasarmu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Gwandu, ta fayyace cewa bayan rabuwa renon ɗa haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ƙwace yaro daga nono don a ƙuntata wa uwarsa ba ya cikin wannan tsari, fushi ne kawai ake sauke wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Don haka ina roƙon iyaye maza, da baffanni da kawunnai da ake kira in aure ya zo ƙarshe, da alƙalanmu: kafin a tashi daga zaman rabuwa, a tsayar da wanda zai riƙe yaron, mutum ɗaya da yaron ya riga ya sani, wanda ake sa ran zai daɗe. Kada a cire shi daga nono rana ɗaya. Kada a hana shi ganin wanda ya tafi. In kuma larura ta sa dole ya sauya hannu, a bar shi ya saba da sabon hannun kafin tsohon ya sake shi, in ya girma kuma a gaya masa gaskiyar inda ya bi.